Ruwan da Ya Kama Idi

Hannun Idi na cikin kumfa har gwiwa lokacin da Sule kuku ya leƙo wajen wanki.

"Taso, ruwan ya iso. Kar ka tsaya ɗauraye hannu, yanzu sai a ce jan ƙafa kake yi."

Idi ya yarfe hannu ya bi shi. Kwana uku ke nan da ɓacewar agogon maigida, wani Baturen kamfanin gyaɗa da ma'aikata suke kira Mai Lofe. Agogo ne mai jan maɗauri, aikin dukawan birni. Sau biyu Idi yana tsintarsa a aljihun wando yana mayarwa, amma da ya ɓace babu wanda ya tuna da wannan. Abin da aka tuna shi ne mai wanki yana shiga ɗakin kwana kwasar kaya.

Musa boyi ya ce a kira 'yan sanda. Sule ne ya hana, ya ce shekara tara suna cin tuwo kwano ɗaya da Idi, ba za a sa masa ankwa yana kallo ba. Akwai wani malami a Tudun Wada, in ji shi, ruwansa na kama ɓarawo ba ya ƙarya. Idi har da hawayen godiya.

Lahadi ce, kicin sai ƙamshin miyar kori yake. An jera kwanoni huɗu a kan tebur, kowanne da ruwa rawaya. Mai Lofe ya jingina da ƙofa yana murmushi, shi dai kallo ya samu.

Sule ya fara tsoma hannu, ruwa bai canja ba. Musa ya tsoma, haka. Mai gadi ya tsoma, haka. Idi ya yi bisimilla ya tsoma nasa da ƙarfin zuciya, don ya san bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Ruwan ya rine ja wur, kamar an yanka kaza a ciki.

Murmushin Mai Lofe ya ɗauke. Kafin la'asar an fitar da tabarmar Idi da akwatinsa bakin ƙofa, ba takardar shaida, ba sallama. A Nasarawa, unguwar Turawa, kuwa kukun wannan gida abokin kukun wancan ne, kafin sati labari ya zaga kowane gida. Duk inda Idi ya je neman wanki sai a kalli hannunsa a rufe ƙofa.

Sule ne kaɗai ya raka shi tasha, ya sa shi a motar garinsu Gumel, ya rungume shi yana cewa Allah zai bayyana gaskiya. A hanya Idi ya gama yanke hukunci: Musa ne ya bi ta bayan gida ya saye malamin. Shekara guda ya yi yana noma yana tsine wa Musa, yana sa wa Sule albarka. Wani lokaci ya tsaya a gona ya zuba wa tafin hannunsa ido, yana tambayarsa me ya yi masa.

Aka sami 'yancin kai, Mai Lofe ya tafi ƙasarsu, wani babban ma'aikaci ɗan ƙasa ya shiga gidan, ya riƙe Sule. Da kaka ta yi, Idi ya cika ƙwarya da ƙwan zabi ya hau mota zai kai wa Sule. Mutumin da ya tsaya maka ranar da kowa ya gudu, ai ba a zuwa masa hannu biyu.

Mai gadi sabo ne, ya bar shi ya wuce. Tun daga gindin mangwaro yake jiyo dariyar yara a bayan kicin. Sule na tsugune, ya ba shi baya, 'ya'yansa Rabi da Indo sun sa shi a tsakiya. A gabansu akwai kwanoni biyu da ruwa rawaya.

Idi ya tsaya cak.

Rabi ta tsoma hannu, ba abin da ya faru. Indo ta tsoma, ruwa ya yi ja. Rabi ta daka tsalle tana ihu, "Ɓarauniya! Ɓarauniya!" Indo ta taɓe baki za ta yi kuka.

"Haba uwata, wasa ne," in ji Sule, yana dariya har da riƙe ciki. "Kurkum ne kawai, na miyar kori. Ba ɗazu na ba ki sabulu ki riƙe mini ba? Duk hannun da ya taɓa sabulu, ja zai yi, ko da na liman ne."

"Baba, a sake!"

"To, sau ɗaya, kar abincin maigida ya makara."

Ya janye hannun riga don duba lokaci, sai ga jan maɗaurin nan na dukawan birni ɗaure a tsintsiyar hannunsa.