Waldar Suruki

Tunda ka ce ciwon a ƙafa yake amma a ka kake shafa magani, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mutum mai son a kalle shi. Ya sayo wata 'yar mota da ba a cika ganin irinta ba, mai injin rotari. Shi wannan inji ba fistan a cikinsa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake ta juyawa kamar dutsen niƙa, hayaƙinsa kuwa zafinsa ya isa ya gasa balangu. Duk da haka ba ta ishe shi ba, ya ce sai ya ɗora mata turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, don ranar wasan mota bayan Sallah ya bar samarin gari da sakin baki. Turbo kuma ba ya zama sai da manifol, wato bututan da ke kwaso hayaƙi daga bakin inji su kai masa. Yana cikin cigiyar na kanti sai zance ya kai kunnen surukinsa, uban matarsa, tsohon mai walda wanda rabin ƙofofin unguwa aikin hannunsa ne. Tsoho ya aiko aka ɗauki awo. Ba a jima ba sai ga manifol a buhu, an goge shi yana ƙyalli, kyauta. Mutumin ya je har gida ya durƙusa ya yi godiya, ido a ƙasa, ya dawo majalisa yana rantsuwa ko waɗanda suka ƙera motar ba su isa su yi irinsa ba.

Aka ɗaura manifol da turbo, mako bai zagayo ba mota ta sake murya. Da safe tas-tas-tas kamar ana gugguru, in ya taka wuta sai ta koma huci irin na kububuwa. Ya kai ta gareji. Makanike ya toshe bakin salansa da tsumma, ya kafa kan tiyo a kunne yana bin jikin inji da ɗaya kan, sannan ya yayyafa ruwan sabulu tun ƙarfe bai ɗau zafi ba. Kumfa ta taso ɓul-ɓul daidai gaɓar waldar tsoho, ga zanen baƙin hayaƙi a wurin kamar an ja kwalli. Makanike ya buɗe baki zai yi magana, mutumin ya rufe bonet, saura kaɗan ya datse masa yatsu. Ta yaya zai cire kyautar suruki, gari ya ɗauka waldar Baba ta tsage? Da wane ido zai je gaisuwar Sallah? Ya ce, "Salansa ce. Ni na san motata." Makanike ya dube shi, ya dubi bonet, ya ce, "To, Alhaji, ai motarka ce." Ya kwanta a ƙarƙashi ya kwance salansar da ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Aka sa sabuwa, ƙara na nan. Aka sa wata mai ƙaton ciki kamar tulu, ƙara na nan, har da ƙari. Mutumin ya zagi mai sayar da salansa, ya zagi gidan mai, ya ce kunnen makanike ne ke da tsaga. Salansa ta taru a bayan gidansa har kaza ta samu wurin ƙwai a cikin guda. In zai wuce ta gaban shagon tsoho sai ya kashe mota tun daga nesa, ta gangara shiru kamar ɓarauniya, yana ɗaga hannu biyu yana gaisuwa, sitiyari na tuƙa kansa. Ita kuwa tsaga ba ruwanta da kunyar kowa. Kullum tana ƙara baki, tana hura wuta kan wayoyin da ke kusa da ita.

Ranar wasa fili ya cika. Mutumin ya shigo da baƙin tabarau, ya taka wuta, mota ta yi kururuwa, jama'a suka ɗau tafi. Ya karya kwanar farko ke nan sai warin roba ya cika masa hanci, hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet, inji ya yi tari ya mutu. Masu tafi suka koma watsa ƙasa da ruwan leda. Wayoyi sun narke sun zama dunƙule guda kamar taliyar da ta kwana. Ɗan adaidaita sahu ne ya jawo ta da igiya, hanyar gida kuwa ɗaya ce, ta gaban shagon walda. Tsoho na zaune a benci. Mutumin ya fito ya durƙusa a tsakiyar titi, fuska duk toka. Tsoho ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sa farce a tsagar, ya ce, "Ai da ƙafar gadon ƙarfe na haɗa shi. Na gwaji na yi maka, in ya zauna daidai in nemo ƙarfe mai kauri. Kullum tun daga layin masallaci nake jiyo ƙarar, na ce ƙila haka yaran yanzu ke so, sai na ji nauyin in yi maka magana." Ya sauke bonet a hankali, ya kakkaɓe hannu, ya ce, "Tarin salansar nan da na ji an ce ka tara, in ba ka da aikin yi da su a kawo min shago. Lafiyarsu lau, za su yi murhu."

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, an bar jaki ana dukan taiki.