Silifas Ƙafa Ɗaya

Takalma talatin da tara Ƙauna ta jera a bakin titi a unguwar Sarkin Dawaki, kamar kowace Asabar. Wasan ƙungiyarsu ba a magana a cikinsa. Mace ɗaya ce sanye da farin zane take bin takalman tana wankewa, kowanne a madadin mutum guda da rikicin ƙauyuka ya ci.

Shekara uku Ƙauna ce mai farin zanen. Sai ga Murna, wata shiru-shiru mai sayar da doya. Wata biyu da shigowarta, Tobiya shugaban ƙungiya ya miƙa mata zanen. Ƙauna da digirinta na wasan kwaikwayo ta koma riƙon bokiti. Abin ya tsaya mata a wuya.

Abin haushin ma, Murna ko tafiyar kirki ba ta iya ba. Amma da zarar ta kai kan na arba'in, wani shuɗin silifas ƙafa ɗaya mai narkakken gefe, sai ta hau wanke shi a hankali, masu keke-napep su kashe inji, mata su fashe da kuka. Ƙauna ta sa ido. Sauran takalman a gwanjo aka saye su, a buhu suke kwana. Wannan kuwa Murna ke zuwa da shi naɗe cikin ƙyalle, ta yi masa raɗa kafin ta ajiye, ta koma gida da abinta.

Asiri ne, in ji Ƙauna, ba ko tantama.

A wannan Asabar ɗin, Murna na shiga shago ɗaura zane, Ƙauna ta zare silifas ɗin ta jefa a wutar bolar da ke ci a baya. Ta tsaya har ya narke, ta ji ranta ya yi sanyi.

Murna ta wanke talatin da tara. Ta kai gurbin ƙarshe, ta tarar wayam. Ta laluba ƙasa, ta sake lalubawa, sannan ta kurma wani ihu da ya tsayar da titin. Jama'a suka ɓarke da tafi. Ƙauna ta ciji leɓe: ko ba asirin ma ita ake yi wa tafi!

Tobiya kaɗai bai tafa ba. Ya rugo ya riƙo hannun Ƙauna.

"Sista, don Allah taya ni neman silifas ɗin Murna. Ranar da an ƙone ƙauyensu, shi kawai ta samu a cikin toka. Na 'yarta ne."