Kwano Ɗaya Bayan Mashaƙo

Malam, tunda an ɗora maka riƙon makaranta, ga wani misali ka ajiye.

A shekarar da cutar mashaƙo ta shiga wani gari, an rufe makarantar 'yan mata ta kwana har annobar ta lafa. Da aka buɗe, wata 'yar ajin ƙarshe ta dawo a rame, muryarta a dishe. Ita ta yi jinya ta tashi, ƙaninta bai tashi ba. Likita ya sallame ta, ya ce babu sauran abin tsoro a jikinta. Duk da haka 'yan ɗakinsu suka janye gadajensu. In ta sha ruwa a randa, sai a wanke moɗar da toka, wata ma ta haƙura da ƙishirwarta. A aji, benci guda ita kaɗai. Shugabar makaranta ta tara ɗalibai ta yi bayani, ta kawo ma'aikacin lafiya ya ƙara, ta ce duk wadda ta tsangwami yarinyar za ta sha horo. Suka ce sun ji, amma ba wadda ta matso. Yarinyar ta daina zuwa ɗakin cin abinci, ta aika wa babanta ya zo ya ɗauke ta, ga jarrabawar fita ta ƙarato.

Malamar da ke ba ɗalibai shawara ta ji labari. Ba ta tara kowa ba. Da aka kaɗa ƙararrawar abincin rana, ta kamo hannun yarinyar suka shiga tare, ta karɓi tuwo da miyar kuka a kwano ɗaya, suka zauna a tsakiyar ɗaki. Ta wanke hannu ta ce, "Bismillah, 'yata. Ni ba na iya ci ni kaɗai." Suka ci, suka sha ruwa a kofi guda. Washegari ma haka, har shugabar ta zo ta sa hannu. Ɗalibai suka zuba ido, suna jiran ranar da malama za ta kwanta. Ranar ba ta zo ba. Sai wata ta matso da kwanonta, wata ta bi ta. Da uban ya iso da babur zai ɗaure akwati, ya tarar da 'yarsa a gindin darbejiya cikin ƙawaye, ana bitar lissafi. Ya gaisa da malamai, ya juya shi kaɗai.

Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.