Hannun Sarkin Ruwa

Labo ya sa yatsu ya ɗauko garwashi daga murhun shayi, ya kunna taba, ya mayar da shi ba gaggawa. Masunta suka kalli juna. Sarkin ruwa ke nan, ko wuta kunyarsa take ji.

Saminu, ma'aikacin buro, wato ofishin ruwa da daji na Illela, ya shimfiɗa hotuna a kan tabarma. Tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko tabkin garin daga sama, tun shekarun fari har zuwa bana. A hoton farko ruwan shuɗi ne, ya koma rawaya, na ƙarshe ja wur.

"Baba, ruwan ga yana ƙara zahi kowace shekara. In ba a buɗe bukin su da wuri aka kama kihi ba, bana kihi mutuwa za shi yi."

Labo ya yi dariya har da tari. Wai ƙarfen da ko ƙafa bai taɓa jiƙawa ba shi zai koya masa ruwa! Tun kaka da kakanni ba mai jefa koma sai sarkin ruwa ya tsoma hannu ya ji ruwa ya yi ɗumi, alamar kifi ya ƙosa. Ya naɗe hannun riga ya nuna farin tabon da ke wuyan hannunsa, wanda ya ce mutanen ruwa ne suka yi masa hatimi.

"Yaro, kwashe zanenka na 'yan lakwal, nan ba makarantar boko ba ce."

Matarsa Kubura, da ta kawo hura, ta sunkuyar da kai ta wuce.

Gaskiya shekarun nan ranar bukin su sai ja da baya take yi, kifi kuma yana raguwa. Amma Labo ya riga ya gano masu laifi: mata da sabulun wankinsu.

Bazara ta kama. Kowace Juma'a sai ya gangara bakin tabki, jama'a a bayansa, ya tsoma hannu har gwiwa, ya lumshe ido kamar mai sauraron wahayi.

"Da saura."

Shanu ma sai su shinshina ruwan su ja baya. Labo ya ce da saura.

Wata safiya wari ya tashi gari. Kifi ya taso fari fat, ciki sama, daga gaɓa zuwa gaɓa. Cefanen shekara, kuɗin iri, kayan ɗakin 'yan mata, duk angulu suka sauka a kai.

Labo ya koma gida yana zagin mahassadan da suka yi wa tabki sammu. Ya zauna gefen murhu, ya kai hannu zai dafa ƙasa bai duba ba, yana ta faɗa. Kubura ce ta ji ƙauri. Ta janye tafinsa daga kan itacen da ke ci, shi kuwa bai ma daina magana ba.

Ta daɗe tana kallon farin tabon. Ta san shi sarai, tsoron bakin duniya ne ya rufe mata baki: da irinsa kuturta ta fara wa mahaifinta.