Kada a Rataye Shi

Lauyan mutumin da aka yanke wa hukuncin kisa ya ajiye biro, ya dubi dattijuwar da ta zo goyon bayan ƙarar da zai ɗaukaka zuwa kotu ta gaba.

"Mama, mutumin nan fa shi ya kashe miki ɗa. Kina roƙon kada a rataye shi?"

"Rubuta a mayar masa ɗaurin rai da rai."

"Allah ya saka miki da wannan yafiya."

Ta dangwala yatsa a tawada, ta danna takardar har ta kusa hujewa.

"Wa ya ce na yafe? Ranar hukunci na ga ya yi ajiyar zuciya, kamar an sauke masa kaya. Ni kullum gari na waye mini babu ɗana. Shi ma Allah ya ba shi tsawon rai."