Allon Kwarin Gawo

Tun da aka kafa dokar nan, kowane gari yana da allo a bakin hanya mai nuna yawan mutanensa. Garin da shekara ta ƙare bai kai ɗari uku ba, sai a share shi daga taswira, a kwashe mutanen.

Saura kwana tara, allon Kwarin Gawo yana kan 299. Gwoggo Tasalla ta wuce shi da hantsi, ta tsallake busasshen rafi zuwa Tudun Makau, inda matar ɗanta ta je goyon ciki gidan iyayenta.

Ta durƙusa gaban uwar yarinyar. "Yaya Kande, ki dubi Allah ki ba ni Hansatu ta haihu a wurinmu. Jariri inda ya faɗo ake rubuta shi."

"Haihuwar fari a gidan miji? Ina aka taɓa yi?" Kande ta kau da kai. "Ai kin ga namu allon."

Ta gani kuwa. Su ma 299.

Da la'asar ta dawo ita kaɗai, ta tarar nasu ya koma 298. Ta tsaya cak, tana kasa kunne ta ji daga wane gida kukan zai tashi.