Ruwan da Baba Ya Ba Ƙwai

Shekarar da rijiyarmu ta ƙafe, annoba ta kashe kajin gidanmu kaf. Baba ya samo ƙwai daga garin Zakirai, ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa da katako da fitilar kananzir, ya ajiye tasa da jiƙaƙƙen tsumma a ciki.

Wata la'asar ya dawo daga gona leɓensa duk a tsage. Inna ta miƙa masa moɗa, ragowar ruwan tulu ke nan. Har ya kai baki, sai ya tsaya ya taɓa tsumman. Ya bushe ƙayau. Ya juye ruwan duka a tasar.

"Malam, kai fa?" in ji Inna.

"Ni zan iya jiran masu ɗebo ruwa. Su kuwa 'yan tsakin da ke cikin ƙwan, in iskar akwatin ta bushe, ɓawo zai manne musu, su mutu ba su fito ba."

Har yau ina jin warin kananzir da danshin tsumman nan. 'Yan tsakin sun fito, amma kafin su zama kaji Allah ya yi wa Baba rasuwa. Na so a ce ya kurɓa ko sau ɗaya ne.